Gadon inji ga tsohuwar Mini: a gyara na asali, a aro na wata mota, ko a ƙera sabo?

Wanda ya ƙudiri cire injin tsohuwar Mini ya sa mata na Honda ko na Suzuki, ba a wajen injin zai sha wuya ba. Inji ana saye, a wanke, a tayar. Inda gizo ke saƙar shi ne gadon da injin zai zauna a kai, wato ƙaramin firem ɗin ƙarfen nan da ake ɗaurewa a ƙarƙashin bodi ta gaba, wanda ke riƙe da inji da giyabos da hannuwan tayoyi gaba ɗaya. Na ɗauki Mini ne saboda tana cikin ƙananan tsofaffin motocin da aka fi yi wa wannan aiki, kuma da wuya a sami wadda ta kai ta matsi. Dabarar da ta yi aiki a cikinta za ta yi a sauran 'yan'uwanta.

Matsin kuwa daga tushe yake. Lokacin da Alec Issigonis ya zana motar ga kamfanin BMC na Ingila, ta fito kasuwa a 1959, tsawonta duka mita 3.05 ne. Don a sami wurin zaman mutum huɗu, sai ya gicciya injin, ya cusa giyabos a ƙarƙashinsa, suna shan mai ɗaya. Shi ya sa ɗakin injin bai buƙaci faɗi ba. Injinan da ake so a sa mata yau kuwa, giyabos ɗinsu a gefe yake manne da ƙarshen inji, saboda haka sun fi na asali faɗi nesa ba kusa ba. Daidai wurin da ƙarafan gefe na gadon asali suke, nan sabon giyabos da fulin gaban inji suke son zama. Dole wani abu ya kauce, kuma abin da zai kauce ɗin yana cikin abin da ke riƙe motar.

Ga kuma ƙarfi. Mini ta farko mai cc 848 ƙarfin doki 34 gare ta, ta ƙarshe da aka ƙera a shekarar 2000 mai cc 1275 tana da 63. Injin G13B na Suzuki Swift GTi yana ba da wajen 100, 4E-FTE mai tobo na Toyota Starlet ya haura 130, C20XE na Vauxhall 150, B16A na Honda 160, K20A kuwa daga 200 zuwa 220. Gadon da aka tsara wa doki 34 ake son ɗora wa ninki biyar ko shida.

Nauyin da gadon ke ɗauka

Kafin a kwatanta hanyoyin, ya kamata a san me ake nema daga gadon, domin mutane da yawa nauyin inji kawai suke kallo, alhali shi ne mafi sauƙi a cikin abubuwan da ke matsa masa.

Na farko shi ne murɗawar inji. Idan aka saki kuloc a giya ta ɗaya, ƙarfin da ke juya tayoyi gaba, shi ne kuma yake ƙoƙarin juya inji da giyabos baya. Injin Mini mai cc 998 yana da murɗawa ta wajen Nm 70 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne); idan aka ninka da giya ta ɗaya da giyar ƙarshe, ana samun wajen Nm 880 a shaf. Injin da ke ba da Nm 200, da giya ta ɗaya kusan 3.2 da ta ƙarshe 4.4, zai kai Nm 2,800. In wuraren da ke tare wannan murɗawa tazarar milimita 300 ce tsakaninsu, kowanne zai ji ja ko turi na kusan tan ɗaya. Gaskiya ne taya za ta fara zamewa kafin a kai can a mafi yawan lokuta, amma fizgar kuloc da tsallen taya a kan hanya mai gargada suna kawo duka na farat ɗaya da ya wuce wannan lissafi. Ko a Mini ta asali ma, sanannen abu ne maƙalin sandar da ke riƙe kan inji ya tsage daga jikin bangon da ke raba ɗakin inji da na fasinja.

Na biyu shi ne hasumiyoyi biyu na gadon, wato sassan da suka miƙe sama a gefensa na dama da na hagu, kusa da kowace taya. Mini ba ta da sifirin na ƙarfe. A mafi yawansu mazubin roba ne, ƙirar injiniya Alex Moulton, ke zaune cikin kowace hasumiya, hannun sama na taya yana danna shi daga ƙasa. Wurin dannawar yana kusa da gindin hannun, saboda haka nauyin da ke kan taya yana ninkuwa kamar sau uku kafin ya isa robar. Tayar da ke ɗauke da kilo 220 tana danna kan hasumiya da wajen kilo 660 motar na tsaye. Masu zanen ƙafafun mota suna da ƙa'idar da suke farawa da ita: a ninka nauyi sau uku saboda faɗawa rami, sau biyu saboda birki, sau ɗaya saboda kwana. Da wannan ƙa'ida, kan hasumiya guda yana iya ganin tan biyu a rami ɗaya.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Hannun ƙasa na Mini siriri ne, ba ya iya hana taya matsawa gaba ko baya. Wata sanda ce, mu kira ta sandar birki, ke tashi daga bakinsa ta tafi gaba ta ɗaure a kusurwar gadon. Duk birkin da aka taka, wannan sanda tana jan kusurwar baya; duk totur da aka ba, tana tura ta gaba. To wannan kusurwa ita ce ke rataye a ƙarshen ƙarfen gefen da za a yanke.

Akwai wani abu kuma da ba nauyi ba ne amma ya fi su saurin lalata mota. Rak ɗin sitiyarin Mini ba a jikin gadon yake ba, a jikin bodi aka ɗaure shi. Hannuwan taya kuma suna jikin gadon. Idan sabon gado ya ɗaga ko ya sauke wurin ɗaurin hannuwa da 'yan milimitoci, tayirod da hannuwa ba za su ƙara lilo a baka ɗaya ba, sai taya ta riƙa karkata da kanta duk sa'ad da ta hau tudu. Mota mai gajeren jiki da ƙarfin doki 160, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. A ganina, wannan batu shi ya kamata ya zama ma'aunin farko na zaɓi tsakanin hanyoyin: wacce ce ta fi barin wuraren ɗaurin taya daidai inda suke?

A gyara na asali

A nan ana barin hasumiyoyi biyu da ƙarfen baya mai haɗa su, a yanke gefe da gaba, a sake gina su da bututu mai kusurwa huɗu wanda zai zagaye sabon injin. Ribar a fili take. Hasumiyoyin, da wurin ɗaurin hannun sama da na ƙasa, da ramukan da ke haɗuwa da bodi, duk suna nan yadda kamfani ya auna su. Roba, hannuwa, boljoyin, birki, duk kayan Mini ne, kuma har yau ana ƙera su sababbi a Ingila. Motar kuma ba ta rasa halinta na tuƙi ba, wanda shi ne dalilin da ya sa ake son ta tun farko.

Raunin hanyar yana wurin haɗi. Gadon asali daga fallen ƙarfe aka buga shi, an lanƙwasa an manna, ƙarfinsa daga siffarsa yake fitowa. Da zarar an yanke gefe, siffar ta karye. In aka kawo bututu mai kauri aka liƙa bakinsa kai tsaye a jikin siririn fallen hasumiya, to an yi wa tsaga masauki: ƙarfe mai tauri ya ƙare farat ɗaya a kan mai laushi, duk lanƙwasa a bakin waldar za ta taru. Maganinsa shi ne a fara naɗe hasumiyar da farantin ƙarfe mai faɗi, milimita 2.5 zuwa 3, mai zagayayyun kusurwoyi, sannan bututun ya sauka a kan farantin. Kuma kowane gefe yana son layi biyu, ɗaya daga saman hasumiya, ɗaya daga ƙasanta, su haɗu a kusurwar gaba inda sandar birki take.

Sai a duba shekarun gadon. Mini kafin 1976 gadonta ɗaure yake da bodi ƙarfe da ƙarfe, da bol biyu a kan kowace hasumiya. Daga 1976 aka koma bol guda babba da robobi a tsakani don rage ƙara. Ga inji mai ƙarfi, ɗaurin ƙarfe da ƙarfe ya fi, tunda rak yana jikin bodi kuma ba a son gadon ya riƙa motsi dabam da shi. Ana sayar da maƙalai marasa roba ga masu gadon bayan 1976. Kuma gadon da ya shekara arba'in yana shan ruwan gishirin hanyoyin Turai, sai an kankare shi tas an duba kafin a amince da shi. Walda a kan ƙarfen da tsatsa ta ci daga ciki aikin banza ne.

Wannan hanya ta dace da ƙananan injina masu jikin alminiyom: G13B, ko CG13 na Nissan Micra mai cc 1275 da doki 75. Ba sa buƙatar yanka mai yawa, kuma sau da yawa suna shiga ba tare da an tsawaita hancin motar ba. In an kai ga K20, abin da zai rage na gadon asali kaɗan ne ƙwarai, har a ce gyara ne a baki kawai.

A aro na Metro

Wasu maƙera a Ingila sun bi wata hanya: su ɗauko gadon gaba na motar Rover Metro, wadda daga 1990 ta koma injin K-series na Rover mai giyabos a gefe, su yi masa maƙalan da za su dace da bodin Mini. Motar MGF ta 1995 ma da irin wannan gado aka gina ta. Tunda an tsara shi ne don inji mai faɗi, wuri ya samu, hannun ƙasa kuma mai ƙafa biyu ne, ba ya buƙatar sandar birki irin ta Mini. Birki da hob sun fi na Mini girma.

Amma ana biya ta wani wajen. Tayoyin gaba suna fitowa waje sosai, sai an sa manyan marufan taya, kuma zancen ƙananan tayoyi masu inci 10 ya ƙare. Ramukan rim ma sun bambanta: na Mini milimita 101.6, na Rover Metro da MGF 95.25, saboda haka ko dai a gyara na baya su dace, ko a riƙa yawo da safaya iri biyu. Ƙafafun Metro da ruwa da iskar gas suke aiki, tsarin Hydragas, dole a maye gurbinsu da shokozoba mai sifirin a jiki, a gina masa wurin ɗauri. Ga shi kuma an daina ƙera Metro tun ƙarshen 1997, gadon kirki sai an tona. Ga wanda ke zaune nesa da Ingila, ban ga dalilin bin wannan hanya ba. Motar da za ta fito tana iya gudu da kyau, amma daga gaba Metro ce sanye da rigar Mini.

A ƙera sabo ɗungurungum

Nan ne 'yanci yake, nan ne kuma haɗari yake. Mai ƙira zai iya ajiye inji daidai inda shaf za su miƙe, ya bar wa lagireto da salansa hanya, ya zaɓi ko ya riƙe mazubin roba ko ya koma sifirin. Amma duk wani awo da kamfani ya yi a 1959, yanzu a wuyansa yake.

Saboda haka aikin ba daga bututu yake farawa ba, daga firem ɗin awo yake farawa, wanda maƙera ke kira jig. Ana samo gadon asali miƙaƙƙe wanda bai taɓa karo ba, a ɗora shi a kan teburin ƙarfe mai kauri, a gina ginshiƙai da za su kama kowane rami mai muhimmanci: kan hasumiyoyi biyu, maɗauran baya biyu, na gaba biyu, sandar hannun sama, fil ɗin hannun ƙasa, da wurin sandar birki. Sai a cire na asalin a gina sabon a cikin ginshiƙan. Ginin jig yakan ci lokaci kamar ginin gadon kansa, kuma wanda ba shi da haƙurin yin sa, gara ya bar wannan hanya tun da wuri. Walda tana jan ƙarfe yayin da yake hucewa. Gadon da aka haɗa a ƙasa da tef da ido zai fito a murɗe, kuma ba a gane hakan sai mota ta fara ja gefe guda.

Batun roba ko sifirin ya cancanci a tsaya a kansa. Mazubin roba yana ƙara tauri gwargwadon yadda aka danna shi, wanda ya dace da mota mai gajeren lilo a ƙafa, kuma nauyinsa duka a cikin hasumiya yake ƙarewa. Sifirin mai shokozoba yana rage girman hasumiya, ya ba da wuri, ya ba da damar canza tauri. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗaura kansa a maƙalin shokozoba na asali, wanda ke jikin siririn kwanon bodi. An yi wannan maƙali ne don ya tare girgiza, ba don ya ɗauki nauyin mota ba. In za a koma sifirin, kansa ya sauka a kan gadon, ko a kan ƙarfen da aka gina aka haɗa da babban ƙarfen bangon inji.

Siffa kuwa ita ce komai. Firem mai kusurwa huɗu wanda ba a gicciya masa komai ba yana lanƙwashewa ta kusurwoyinsa, kamar ƙofar langa-langa da ba a sa mata ƙarfen karkace ba, wadda ke sunkuyawa bayan damina ɗaya. Kowane wurin da nauyi ke shiga, wato injin-sit, gindin hannu, sandar birki, ya kamata ya faɗo a mahaɗar bututu biyu ko uku, ba a tsakiyar dogon bututu guda ba. Inda dole bututu ya lanƙwasa don ya kauce wa fuli ko giyabos, a san cewa lanƙwasasshen bututu ba ya tare turi kamar miƙaƙƙe, sai a ƙara masa girma ko a ɗaure bayan gwiwar. Ƙarƙashin inji kuma, inda babu damar gicciyawa ta dindindin, ana iya sa ƙarfen da ake kwancewa da bol, don a riƙa sauke inji ba tare da an yanka komai ba.

Wurin zaman inji shi ma ciniki ne. In aka sauke shi ƙasa, mota ta fi zama a kwana, amma kwanon mai ya kusanci ƙasa, a motar da dama can ba ta da tsayi. In aka tura shi gaba don ya kauce wa bango, shaf sun karkace, nauyi ya taru a hanci. Injinan B na Honda, irin su B16, bakin shan iskarsu yana baya ta wajen bango, salansa a gaba; K20 akasin haka ne, kuma giyabos ɗinsu ba a gefe ɗaya suke ba, saboda haka gadon ɗaya ba ya yi wa ɗayan. Shi ya sa masu wannan aiki ke son bodin Mini samfurin Clubman na 1969 zuwa 1980, wanda hancinsa ya fi na zagayayyiyar Mini tsawo da wajen santimita 10. Abin da zan fifita a kan komai shi ne ramin fitar shaf daga giyabos ya yi kusa da layin tsakiyar tayoyi. Shaf masu tsananin karkata, ko wanda ɗaya ya fi ɗaya karkata sosai, su ke sa sitiyari fizga idan an ba da wuta, su ke kuma cinye joyin.

Kada a manta da bodi. Idan aka yanke kwanukan ciki na gefen ɗakin inji, ko aka sa hancin faiba mai buɗewa gaba ɗaya, gaban gadon ya rasa abin da ke riƙe shi daga sama. Dole a sa sanduna biyu daga babban ƙarfen bango zuwa kusurwoyin gaba, da faranti mai faɗi a inda suka taɓa bodi.

A sayi haɗaɗɗe

Akwai kamfanonin da suka daɗe suna wannan sana'a, irin su Allspeed a Ingila da Mini Tec a jihar Jojiya ta Amurka. Z Cars na Ingila kuma wata hanya dabam suka shahara da ita: su mayar da inji bayan kujeru, cikin keji na bututu, tayoyin baya su riƙa ja, wanda ya zama wata mota ce dabam mai kujeru biyu. Abin da ake saye a wajen irin waɗannan ba ƙarfe ba ne kawai. Jig ne da aka riga aka gyara, da shaf da aka yanka daidai tsawo, da injin-sit da suka dace. Kuɗin yana da yawa, ga dakon jirgi da kwastan ga wanda ke wata nahiya. Kafin a biya, a tambaya: wane irin ƙarfe ne kuma kaurin nawa, wane girman taya yake karɓa, nawa za a yanke a bodi, sitiyari yana kaiwa ƙarshe ko an rage masa juyi, kuma kayan ƙafafun na Mini ne ko na kamfanin kaɗai. Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi, domin ranar da hannu ya lanƙwashe, wuri guda ne a duniya zai iya sayar maka da wani.

Wane ƙarfe?

A nan ake yawan zubar da kuɗi a inda bai kamata ba. Ana jin sunan kuromoli 4130, ko T45 na Ingila da ake kejin motocin tsere da shi, sai a ɗauka gadon da aka yi da su ya fi tauri. Ba haka ba ne. Duk ƙarafan nan, daga na gama-gari har mai tsada, taurinsu wajen lanƙwasa kusan ɗaya ne, wajen 205 zuwa 210 a ma'aunin taurin ƙarfe na GPa. Bambancinsu shi ne nauyin da za su ɗauka kafin su lanƙwashe har abada: ƙarfen gini mai lamba S275 ko S355 lambarsa ce ke faɗin iyakarsa a ma'aunin ƙarfi na MPa, T45 kuwa ya haura MPa 600. Amfanin mai tsada shi ne a sirance bango a rage nauyi, kuma da an sirance, tauri ya ragu. A gadon da duka-duka 'yan kiloli za a tsira da su, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci: gadon inji ba ya mutuwa da duka ɗaya, gajiya ce ke kashe shi, girgiza sau miliyoyi, tsaga ta fara daga bakin walda. Kuma juriyar walda ga gajiya kusan ba ta damu da tsadar ƙarfen ba. Siffar haɗin da tsabtar waldar su ke yanke hukunci. Kuromolin da aka yi wa walda da gaggawa ya huce da sauri yana iya yin gautsi a gefen waldar, ya kasa ƙarfen gama-gari da aka yi wa aiki mai kyau.

Girman bututu ya fi kaurinsa tasiri. Bututu mai faɗin milimita 25 da kaurin 3, in aka gwada shi da mai faɗin 38 da kaurin 2, na biyun ya fi nauyi da kashi 9 cikin ɗari kawai, amma ya fi tauri kusan ninki uku. Mai kusurwa huɗu 40 da 40 da kaurin 2 kuma ya fi zagayayye mai faɗin 40 tauri da kusan kashi 70 cikin ɗari idan nauyin ya faɗo daidai fuskarsa, ga sauƙin yanka, ga fuska shimfiɗaɗɗiya ta ɗaura maƙali. Zagayayye ya fi kyau inda za a lanƙwasa, ko inda murɗawa ta fi yawa; a nan sai a nemi marar ɗinki, wanda Turawan Ingila ke kira CDS.

Alminiyom ban ba da shawararsa ba ko kaɗan ga aikin gareji. Taurinsa sulusin na ƙarfe ne, irin 6061-T6 yana rasa kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsa a gefen walda, kuma ba shi da iyakar da in an tsaya ƙasa da ita gajiya ba za ta taɓa kama shi ba.

Ga mai sayen ƙarfe a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, inda ba kasafai ake samun takardar shaidar ƙarfe ba, a tafi da ma'aunin kauri a aljihu. Yawancin bututu mai kusurwa huɗu da ake ƙofofi da tagogi da shi bai kai rabin kaurin da ake buƙata ba. Bututun ruwa mai farin shafi kuma a guje shi: shafin yana ɓata walda, hayaƙinsa yana cutar da mai shaƙa. Idan waldar sanda ce kawai ake da ita, ba MIG ko TIG ba, a tsaya a kaurin milimita 3 don kada a ƙona bango, a karɓi ƙarin nauyin. Waldar kabaid a bar ta ga salansa.

Ƙananan abubuwa ne ke raba gadon da zai shekara ashirin da wanda zai tsage a shekara guda. Duk inda bol zai ratsa bututu, a saka masa hannun riga na ƙarfe a ciki a yi walda, in ba haka ba ɗaurin zai matse bututun, bol ya saki. Gindin hannun taya ya zauna tsakanin kunnuwa biyu, ba a rataye a kunne ɗaya ba. Bol ya zama mai lamba 8.8 ko 10.9 a ka. Farantin ƙarfafa kusurwa a liƙa shi a gefen bututu inda bango yake tsaye, ba a tsakiyar fuska inda zai huda ba, kuma kada walda ta fara ko ta ƙare daidai a kusurwa. Bakin kowane bututu a toshe shi saboda ruwa. Fenti ya zama siriri mai haske, domin baƙin shafi mai kauri yana ɓoye tsaga har sai ta yi nisa.

Doka ma tana da ta cewa, gwargwadon ƙasa. A Ostareliya irin wannan aiki sai injiniya mai izini ya sa hannu, a Jamus sai an kai motar dubawa ta musamman irin ta cibiyar gwajin motoci ta TÜV, a Birtaniya kuma motar da ta haura shekara 40 tana rasa afuwar MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, idan an yi mata babban sauyi. Yanka bodi shi ne abin da hukumomi suka fi sa wa ido, wanda ƙarin dalili ne na zaɓar gadon da ke ɗauruwa a ramukan asali.

In ni za a tambaya, injin shi zai yanke zaɓin. Ga inji mara nauyi da bai wuce doki 100 zuwa 110 ba, a gyara gadon asali, a riƙe roba da hannuwan Mini. A mota mai kilo 650 zuwa 700 wannan ƙarfi ya isa ya ba da mamaki, kuma shi ne aikin da ƙwararren mai walda zai iya yi da kyau ba tare da ya sake zana ƙafafun mota ba. Ga B16, C20XE ko K20, in aljihu zai iya, a sayi haɗaɗɗe daga waɗanda suka daɗe suna yi. Ƙera sabo na wanda ke da miƙaƙƙen gadon asali ne na yin jig, da mai walda da aka ga aikinsa, da niyyar auna karkatar taya a duk tsawon lilonta kafin a rufe aiki. Shi ma ya yi da bututun ƙarfen gama-gari mai faɗi, ba siririn kuromoli ba. Kowacce aka bi, bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na farko a ɗaga motar, a wanke gadon, a fesa jan ruwan gano tsaga a bakin waldar hasumiyoyi, da injin-sit, da kusurwar sandar birki, sannan a sake bin kowane bol da sifana.